Kaka ɗaya daga Meziko: wa ya isa ya ce shi Hispanik ne a fom ɗin jami'ar Amurka?

Ɗalibin da ke neman gurbin karatu a Amurka yakan cike fom guda a intanet, wanda ake kira Common App, jami'o'i sama da 1,000 kuma suna karɓarsa. A wajen bayanin kai akwai wata 'yar tambaya da ba dole ba ne a amsa ta: kai Hispanik ne ko Latino? E ko a'a. Wanda ya ce e, sai a jero masa wurare ya zaɓa: Meziko, Kuba, Porto Riko, Amurka ta Tsakiya, Amurka ta Kudu, Sifaniya, ko wani wurin. Shi ke nan. Ba a neman takardar haihuwar kakarsa, ba a gwada shi a ji ko ya iya gaisuwa da Sifaniyanci, ba wanda zai je gidansu ya ga yadda suke zaune. Abin da ya faɗa da bakinsa shi ne hujja.

Daga 1978 zuwa 2023, wannan e ɗin tana iya ƙara wa mutum nauyi a ma'aunin manyan jami'o'i, inda ake ɗaukar ɗalibi biyar ko shida a cikin ɗari. Shi ya sa duk lokacin cike fom iyaye da yara ke ta tambayar juna abu guda. Kakata ta wajen uwa 'yar Meziko ce, amma ban taɓa zuwa can ba, na isa? An haifi mahaifina a Ajantina, iyayensa Jamusawa ne, ina ciki? Mutane kan ɗauki wannan a matsayin maganar masu ƙarya da masu gaskiya. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Maƙaryatan ba su da yawa. Matsalar tana jikin akwatin kansa, wanda aka ƙera don ƙirga mutane, daga baya aka ɗora masa aikin rabon abin da kowa ke rububi.

Akwatin ba tsoho ba ne. A ƙidayar 1930 gwamnatin Amurka ta sa “Bameziko” a matsayin launin fata mai zaman kansa. Ƙungiyar LULAC ta 'yan asalin Meziko da gwamnatin Meziko kanta suka ƙi yarda, domin a wancan zamanin fita daga sahun farare asarar haƙƙi ce tsagwaronta, aka cire shi a 1940. Sai bayan gwagwarmayar 'yancin ɗan ƙasa ta shekarun 1960 lissafin ya juya. 'Yan gwagwarmaya suka gane cewa wanda ba a ƙirga shi ba, ba a ware masa kasafi. 'Yan Meziko na kudu maso yamma, 'yan Porto Riko na New York da 'yan Kuba na Miyami ba su ɗauki kansu al'umma ɗaya ba, amma haɗa su ya ba da adadin da 'yan siyasa za su ji tsoronsa, ya kuma ba gidajen talabijin na Sifaniyanci kasuwar da za su sayar wa masu talla. A 1976 majalisa ta yi dokar tattara alƙaluma a kansu, bisa ƙoƙarin ɗan majalisa Edward Roybal na Kalifoniya. A 1977 ofishin kasafin fadar shugaban ƙasa ya fitar da umarni mai lamba 15, wanda ya ce Hispanik shi ne mai asali ko al'adar Meziko, Porto Riko, Kuba, Amurka ta Tsakiya ko ta Kudu, ko wata al'adar Sifaniyanci, kowane irin launin fata gare shi. A 1980 aka fara yi wa kowane gida tambayar. A ƙidayar 2020 mutum miliyan 62.1 suka amsa da e, wato kashi 18.7 cikin ɗari na jama'ar ƙasar.

Umarnin na 1977 ya faɗa ƙarara cewa ba a yi waɗannan rukunai don tantance wanda ya cancanci shiga wani shirin gwamnati ba. Jami'o'i suka ɗauke su duk da haka, don su ne a hannu, kuma da su suke kai wa gwamnati rahoto.

Dubi waɗanda rukunin ya ƙunsa. Ɗan likitan Madrid, Bature fari sol, yana ciki. Yarinyar da iyayenta suka tsallako daga tsaunukan Gwatamala, 'yan ƙabilar Maya, waɗanda harshen gidansu Kiche ne ba Sifaniyanci ba, tana ciki. Baƙar fata daga Jamhuriyar Dominika yana ciki, haka jikan Bajafanen da ya zauna a Peru, haka ɗan attajirin Meziko mai asalin Labanan. Talakan Birazil kuwa a hukumance ba ya ciki, saboda harshen ƙasarsa Fotugis ne. An haifi mahaifin Mitt Romney, ɗan takarar shugabancin Amurka na 2012, a Meziko a 1907, a wani matsugunin Amurkawa mabiya ɗariƙar Mormon, kuma Romney ya taɓa yin ba'a a 2012 cewa da iyayen mahaifin nasa 'yan Meziko ne da ya fi samun damar cin zaɓe. Jeb Bush, tsohon gwamnan Filorida wanda ya soke fifikon launin fata a jami'o'in jiharsa a 1999, shi kansa an samu ya yi alama a akwatin Hispanik a takardar rajistar zaɓe ta 2009. Matarsa ce 'yar Meziko. Da labarin ya fito a 2015 ya ce kuskure ne, aka yi dariya aka wuce.

Kada wannan ya sa a zaci babu zaluncin da ake neman gyarawa. Akwai, kuma a rubuce yake. A 1954, mako biyu kafin hukuncin da ya haramta raba makarantun baƙaƙe da farare, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Pete Hernandez, wani leburan gona da aka samu da laifin kisa a gundumar Jackson ta Teksas. Lauyoyinsa suka nuna cewa shekara 25 ba a taɓa sa mai asalin Meziko ko ɗaya cikin masu taya alƙali yanke hukunci ba, alhali an kira mutum sama da 6,000. Jihar Teksas ta kare kanta da cewa ai 'yan Meziko farare ne a doka, don haka 'yan'uwansa ne suka yi masa hukunci. Alƙalin alƙalai Earl Warren ya amsa da abin da ke cikin harabar kotun da aka yi shari'ar. Banɗakin maza biyu ne a wurin. Ɗaya babu rubutu a ƙofarsa. Ɗayan an rubuta cewa na baƙaƙe ne, an kuma ƙara da Sifaniyanci: maza, nan ne wurinku. A gundumar akwai gidan abincin da ya kafa allo cewa ba a sayar wa 'yan Meziko, 'ya'yansu kuma makaranta daban suke zuwa har aji huɗu. Kafin wannan, a 1947, iyalan Mendez sun ci nasara a kotu kan ware yara 'yan Meziko a makarantun Kalifoniya. Jikokin waɗannan mutane su ne mutum zai zaci an yi fifikon dominsu.

Inda hanya ta karkace shi ne 1978. Allan Bakke, farar fata, ya kai ƙarar makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wadda ta ware gurabe 16 cikin 100 ga 'yan tsiraru. Kotun Ƙoli ta haramta ware kaso irin wannan, amma mai shari'a Lewis Powell ya bar ƙofa ɗaya a buɗe. Ya ce jami'a ba ta da hurumin biyan bashin zaluncin da al'umma ta yi a baya. Abin da za ta iya shi ne ta duba launin fata a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa, don ajinta ya zama gauraye, ɗalibai su ƙaru da juna. Wannan canjin dalili ya fi ƙarfin yadda ake zato. Idan manufar biyan bashi ce, dole a tambaya wa aka zalunta. Idan manufar gauraya aji ce, ɗan jakadan Ajantina da ɗan mai tsinkar inabi a kwarin San Joaquin na Kalifoniya duk lamba ɗaya suke ƙarawa a teburin alƙaluma. Kuma na farkon ya fi sauƙin ɗauka: makinsa ya fi, Turancinsa ya goge, ba ya neman tallafin kuɗin makaranta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nauyin da akwatin ke da shi ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma yawancinsu sun ɓoye shi a cikin abin da suke kira duba ɗalibi gaba ɗayansa. Jami'ar Mishigan ce ta yi gangancin rubuta nata da lamba. A ma'auninta mai maki 150, zama baƙar fata, Hispanik ko ɗan asalin ƙasar na farko yana kawo maki 20, yayin da cinye jarrabawar shiga jami'a ta SAT kaf ke kawo 12. Kotu ta soke wannan a 2003, amma a rana guda ta amince da tsarin makarantar lauyoyi ta wannan jami'ar, wanda ba ya furta lamba. Darasin da jami'o'i suka ɗauka a fili yake: a ci gaba, amma kar a rubuta.

To, su wa ke yin alama a akwatin? Masu ƙarya tsagwaro akwai su. A badaƙalar sayen gurbi da ta fashe a 2019, wadda Rick Singer ya jagoranta, masu gabatar da ƙara sun nuna fom ɗin wani yaro daga Kalifoniya da aka rubuta shi baƙar fata ne kuma Hispanik, kuma shi ne na farko a gidansu da zai je jami'a, alhali babu ɗaya da ke gaskiya. A 2020 Jessica Krug, malamar tarihi a Jami'ar George Washington, ta amsa cewa shekara da shekaru tana shigar baƙar fata mai asalin Porto Riko, alhali ita farar fata ce daga wajen Kansas City. Irin waɗannan su ke cika jaridu. Amma mafi yawa su ne waɗanda ba su faɗi ƙarya ba, sun dai faɗi gaskiyar da ba su taɓa buƙatarta ba sai ranar cike fom.

Yawansu kuwa ƙaruwa yake yi, saboda auratayya. Cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa a 2015, cikin 'yan Hispanik haifaffun Amurka da suka yi sabon aure, kashi 39 cikin ɗari sun auri wanda ba Hispanik ba. Ta kuma gano cewa idan aka kai tsatso na huɗu, rabin masu wannan asali ba sa kiran kansu Hispanik kwata-kwata. Waɗannan miliyoyi ne da ke tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, kuma abin da za a samu ko a rasa yana iya tura su ko ta ina. Masana tattalin arziki biyu, Francisca Antman da Brian Duncan, sun bi sawun hakan a jihohin da suka haramta fifikon, suka ga masu gaurayen asali sun rage bayyana kansu a matsayin 'yan tsiraru bayan haramcin. Ban ga abin zargi sosai a nan ba. Yaro ɗan shekara 17 an tambaye shi asalinsa, ya faɗi asalinsa. Idan ana son sanin ko ya sha wuya saboda asalin, ai sai a tambaye shi hakan. Wasu shirye-shiryen karramawa da na tallafin karatu sun yi ƙoƙarin ja layi da cewa sai mai kashi ɗaya cikin huɗu, wato kaka ɗaya. Amma lissafin jini da kashi-kashi yana da mummunan tarihi a Amurka, domin da shi jihohin kudu suka riƙa tantance wanda zai sha ruwa a wane famfo.

Irin wannan ya taɓa baƙaƙen fata ma, kuma nan ya shafi 'yan Afirka kai tsaye. A 2004 farfesoshin Harvard biyu, Henry Louis Gates da Lani Guinier, sun ja hankali cewa akasarin baƙaƙen ɗaliban jami'ar waɗanda suka yi ƙaura ne daga Afirka da tsibiran Karebiya, ko 'ya'yansu, ko masu gaurayen iyaye, ba jikokin bayin da aka yi gwagwarmayar dominsu ba. Ɗan likita ɗan Najeriya a Houston bai yi ƙarya ba da ya ce shi baƙi ne. Tambayar ce ba ta iya rarrabewa.

Sai a ce, me zai hana a riƙa tantancewa? Birazil ta gwada. Dokarta ta 2012 ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati, tare da kaso ga baƙaƙe, masu ruwa biyu da 'yan asalin ƙasar. Da ƙorafin maguɗi ya yi yawa, jami'o'i suka kafa kwamitocin da ɗalibi zai zauna a gabansu su dubi fatarsa, gashinsa, hancinsa. Tun kafin dokar, a 2007, Jami'ar Brasilia, wadda ke tantancewa da hoto, ta karɓi wani yaro a matsayin baƙi ta ƙi tagwayensa, alhali kamarsu ɗaya sak. Ba Ba'amurken da zai yarda a yi masa haka, kuma ko an yarda ba zai yi aiki ga Hispanik ba, tunda rukunin bai dogara da kama ba. Mu a Najeriya takarda muka zaɓa. Guraben jami'o'in tarayya ana raba su kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da suka ci baya a ilimi, kuma shaidar asali daga ƙaramar hukuma ce ke buɗe ƙofa. Kowa ya san yaron da aka haifa a babban birni, ya yi makarantar kuɗi, bai taɓa kwana a ƙauyen kakansa ba, amma da sunan ƙauyen ya shiga. Takardarsa ta gaske ce.

Ran 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙoli ta rufe babin a ƙarar da ƙungiyar Edward Blum, mai fafutukar soke fifikon launin fata, ta shigar kan Harvard da Jami'ar North Carolina, da sunan ɗalibai masu asalin Asiya. Alƙalai shida suka rinjayi uku a ƙarar North Carolina, suka rinjayi biyu a ta Harvard. John Roberts, alƙalin alƙalai, ya kama rukunin Hispanik da suna. Ya ce bisa wannan lissafi jami'a za ta fi son aji mai kashi 15 na ɗalibai daga Meziko kaɗai a kan aji mai kashi 10 daga ƙasashen Latin Amurka daban-daban, don kawai adadin farko ya fi girma. Mai shari'a Sonia Sotomayor, 'yar unguwar Bronx ta New York mai iyaye 'yan Porto Riko, wadda ta sha faɗin cewa wannan tsari ne ya kai ta Princeton da Yale, ta rubuta doguwar adawa.

Ina ganin Roberts ya faɗi gaskiya game da akwatin, amma maganin da ya bayar ya fi ƙarfin ciwon. Kalifoniya ta riga ta nuna abin da ke biyo baya, tunda ta haramta fifikon tun 1996. Masanin tattalin arziki Zachary Bleemer ya bi rayuwar waɗanda suka nemi shiga Jami'ar Kalifoniya kafin haramcin da bayansa, ya ga ɗalibai 'yan tsiraru sun gangara zuwa rassan da ba su kai ba, waɗanda suka kammala digiri sun ragu, albashinsu kuma ya ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari, asarar da ta fi faɗawa kan 'yan Hispanik. Jami'ar da kanta ta shaida wa kotu cewa ta kashe sama da dala rabin biliyan wajen neman wata hanyar, ba ta cimma abin da take so ba. Ma'auni mai karkata ne, amma yana auna wani abu. Ɗan jakadan zai sami wata jami'ar. Wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan mai tsinkar inabin.

Hukuncin ya bar taga guda. Ɗalibi na iya rubuta yadda launin fata ko asali ya shafi rayuwarsa a cikin insha'in da yake haɗawa da fom, muddin za a auna shi a kan halinsa da ƙwazonsa. A takarda wannan ya fi akwati, domin yana tambayar abin da mutum ya gani da idonsa. A aikace kuwa insha'i sana'a ce. Yarinyar da ke makarantar kuɗi tana da mai ba da shawara da zai zauna da ita su juya labarin girkin kakarta har ya yi daɗin karatu. Yarinyar da tun tana shekara tara take yi wa uwarta tafinta a asibiti da ofishin mai gidan haya, ba lallai ta san cewa wannan abin rubutawa ba ne, malamin shawarar makarantarsu kuma yana da ɗaruruwan ɗalibai a wuyansa. An gudu ba a tsira ba.

Alƙaluman shekarar farko sun fito a hargitse. A jami'ar MIT 'yan Hispanik sun sauka daga kashi 16 zuwa 11, baƙaƙe daga 13 zuwa 5. A kwalejin Amherst 'yan Hispanik sun sauka daga 12 zuwa 8. A Harvard kuwa hawa suka yi, daga 14 zuwa 16, yayin da waɗanda suka ƙi bayyana asalinsu suka ninka daga kashi 4 zuwa 8. Yale, Princeton da Duke ba su ga wani babban canji ba, sai ƙungiyar Blum ta aike musu da wasiƙa tana neman bayani. Duk wannan hayaniya kuma a kan jami'o'i 'yan kaɗan ake yin ta. Pew ta duba jami'o'i 1,364 ta ga 17 ne kawai ke ɗaukar ƙasa da kashi 10 na masu nema a 2017. Galibin ɗaliban Hispanik suna kwalejojin unguwa na shekara biyu da jami'o'in jihohi, inda matsalar ba shiga ba ce, biyan kuɗi ce da kammalawa.

Akwai kuma fifikon jini da hukuncin bai taɓa ba. Bayanan da shari'ar ta tilasta wa Harvard fitarwa sun nuna cewa kashi 43 na fararen da aka ɗauka 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke jerin musamman na shugaban sashen ɗauka, wanda ya haɗa da dangin masu ba da gudummawa. A tsakanin 'yan Hispanik, baƙaƙe da 'yan Asiya adadin bai kai kashi 16 ba. Shi wannan fifikon ba ya fama da matsalar tantancewa, tunda sunan uban yana rajistar jami'a. Jihohi irin su Kolorado, Bajiniya, Maryland da Kalifoniya sun yi dokar hana shi, jami'o'i irin su Johns Hopkins da Amherst sun daina da kansu, amma Harvard da takwarorinta na gabas sun riƙe abinsu.

Tambayar Hispanik tana nan a fom har yau. Tun watan Agusta na 2023 Common App ta ba jami'o'i damar ɓoye amsar daga idon masu tantancewa, amma ana ci gaba da tattara ta don rahoton gwamnati. A watan Maris na 2024 aka sake fasalin umarnin 1977, aka haɗe tambayar asali da ta launin fata wuri guda, aka ƙara rukunin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. A watan Agusta na 2025 Shugaba Trump ya umarci ma'aikatar ilimi ta riƙa karɓar bayanan masu nema da waɗanda aka ɗauka bisa launin fata, domin a kama jami'ar da ke ci gaba da fifiko a ɓoye. Alƙaluman da za a yi wannan binciken da su, daga akwatin nan za su fito, wanda yara 'yan shekara 17 ke cikewa ba tare da wani ya duba ba.